Kafin ka sake sauke wani Linux, tambayi katin Wi-Fi ɗinka sunansa

Bayan sallar La'asar ne wani ɗalibi da ya taso daga Kaura Namoda ya shigo shagona a Tudun Wada, nan Gusau, rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka. Muka gaisa, ya zauna bisa benci, ya ce, "Malam, wagga na'ura ta hana ni barci. Linux uku na saka mata cikin sati guda, ko wane na saka babu Wi-Fi." Na tambaye shi wane kati ne a cikinta. Ya juya murfin, ya nuna mini sunan da ke rubuce a baya. Na ce, "Ƙanena, wannan sunan wanda ya haɗa akwatin ne. Ni wanda ya ƙera katin nake tambaya." Ya yi shiru. Datar da ya ƙona wajen sauke waɗannan ukun ta haura gigabait 10, kuma da kuɗin abincinsa ya saye ta.

Na karɓi wayarsa, na haɗa ta da kwamfutar da kebul ɗin caji, na kunna raba intanet ta USB. Nan take kwamfutar ta hau layi. Na buɗe taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta umarni biyu, sai ga amsa a fili: tsarin ya ga katin, ya ma ɗora masa direba, fayil ɗaya ne kawai da katin ke nema babu shi a wurinsa. Muka sauke ƙunshin da fayil ɗin ke ciki, muka kashe muka kunna. Ba a kira Magariba ba sai ga sunayen hotsifot na maƙwabta sun jeru a kusurwar allo. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya ce, "Ashe dai lahiya lau take."

Irinsa ƙaruwa za su yi. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 yana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ake kawo mana daga Ikeja da Kano ba su kai nan ba, alhali da sauran ƙarfinsu. Linux, tsarin da ake sakawa a madadin Windows, shi ne zai tsawaita musu rai, kuma Wi-Fi ne wurin da sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Abin da ke damuna shi ne maganin da ake ba shi kullum: "canza wani nau'in." A ƙasar da intanet ke zuwa gida ta waya ba iyaka, wannan shawara ɓata lokaci ce kawai. A nan, inda ake auna data kamar yadda ake auna gero a tiya, asara ce ta kuɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Idan Wi-Fi ya yi aiki a Fedora ya ƙi a Debian, alhali duka nau'o'in Linux ne, akwai dalili, kuma ana iya gano shi cikin minti biyar.

Katin Wi-Fi ba ya jin yaren kowa sai na wanda ya ƙera shi. Direba shi ne tafintan da ke tsakaninsa da tsarin kwamfuta. A Windows, kamfanin da ya yi katin ne ke rubuta tafintan ya miƙa, shi ya sa muka saba da yawo da filash cike da direbobi. A Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, al'adar daban ce: direbobi suna zaune ne a cikin ginshiƙin tsarin, wanda ake kira kanel, ana gyara su tare, ana fitar da su tare. Ubuntu, Debian, Mint, Fedora, Kali, duk daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Bambancinsu shi ne ranar da kowa ya jefa gugarsa, da kuma abin da ya yarda ya haɗa da ruwan kafin ya miƙo maka.

Ranar jefa guga ita ce matsala ta farko. Sabon kanel yana fitowa kusan kowane mako 9 zuwa 10, amma nau'o'in da aka gina don su daɗe ba sa bin wannan gudun. Debian 11 ya tsaya a kan kanel 5.10, Debian 12 a kan 6.1, Debian 13 a kan 6.12. Ubuntu 20.04 ya fito da 5.4, na 22.04 da 5.15, na 24.04 da 6.8, kuma Mint 21 da Mint 22 a kan waɗannan biyun na ƙarshe aka gina su. To, ga katin Intel AX200, sai daga kanel 5.1 aka san da shi. AX210 sai 5.10. MediaTek MT7921, wanda ya cika sababbin kwamfutoci, sai 5.12. Wanda ya ɗora Debian 11 a kan kwamfuta mai MT7921 bai yi kuskuren komai ba, kuma katinsa lafiya lau yake. Kanel ɗin ne ya girmi katin, ba su taɓa haɗuwa ba. Ya koma Fedora, wadda ke sabunta kanel a kai a kai, Wi-Fi ya tashi, sai ya tafi yana cewa Fedora ta fi Debian kyau. Alhali da ya ɗauko sabon kanel daga rumbun da Debian ke ajiye sababbin kaya don tsohon tsari, ko jerin sababbin kanel da ake kira HWE idan Ubuntu ne, da ya zauna inda yake. Umarnin uname -r kaɗai ya isa ya gaya maka shekarun kanel ɗinka.

Ta biyu ita ce wadda ta kama ɗalibin nan. Yawancin katunan zamani suna da 'yar ƙwaƙwalwarsu, kuma ba sa motsi sai an ɗura musu wata ƙaramar manhaja da ake kira famwaya. Ba a kan kwamfutar take aiki ba, a cikin katin take. Duk sanda aka kunna, direba zai je /lib/firmware ya ɗauko fayil ɗin ya miƙa wa katin. Kamfanoni da yawa sun yarda a raba waɗannan fayiloli kyauta amma ba su bayyana abin da ke cikinsu ba, kuma a nan ne aƙidar masu buɗaɗɗiyar manhaja ta rabu. Ubuntu da Fedora sun daɗe suna haɗa su a cikin kayansu. Debian kuwa shekara da shekaru ta ƙi saka su a faifan girkawarta na hukuma, don ba za ta kira abin da ba a iya dubawa 'yantacce ba. Sai a 2022 masu haɓaka ta suka kaɗa ƙuri'a suka sauya matsayi, kuma Debian 12 da ta fito ranar 10 ga Yuni, 2023 ita ce ta farko da ta zo da su kai tsaye. Har yanzu akwai irin su Trisquel da ke tsaye a kan tsohuwar aƙidar. Ina ganin girman masu wannan tsayuwa, domin da irin nacinsu ne aka samu direbobi kamar ath9k na Atheros, wanda ya fito a 2008 kuma ba ya neman wani rufaffen fayil. Amma ba zan miƙa wa yaron da ke son rubuta aikin makaranta irin wannan tsarin ba sai na san katinsa.

Matsala ta uku ta fi sauran ɗaci, kuma a kanta nake so a tsaya. Akwai direbobin da ba su shiga kanel ba sam, ko don kamfanin ya ƙi buɗe su, ko don an rubuta su ta hanyar da masu kula da kanel ba za su karɓa ba. Sanannen misali shi ne Broadcom. Katunansa sun kasu gida-gida: wasu suna aiki da b43, wanda masu sa kai suka gina ta hanyar nazarin katin da kansu, kuma sai an sauke masa famwaya daban, wasu da brcmsmac, wanda ya samo asali daga buɗaɗɗen direban da kamfanin ya saki a 2010, wasu kuma, kamar BCM43142, ba su da mafita sai rufaffen direban nan wl. Ubuntu da Mint suna kawo wl ta manhajarsu ta ƙarin direbobi. Fedora ba ta ɗauke da shi, sai ka ƙara rumbun RPM Fusion. Kati ɗaya, kwamfuta ɗaya, amma hanya uku. Idan kuma mutum ya bi shawarar da aka rubuta don wani katin Broadcom daban ya girka wl inda bai dace ba, girkawar takan toshe b43 da brcmsmac, sai a wayi gari wanda ke aiki ma ya tsaya.

Direban da ke wajen kanel kamar ɗan haya ne a gidan da ake yi wa gyara kullum. Masu kanel ba su taɓa yin alkawarin barin ƙofofin ciki yadda suke ba. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da kanel, ma ya rubuta takarda a cikin bayanan kanel yana kare wannan matsayi. Idan sun sauya wani abu, sukan bi duk direbobin da ke ciki su gyara. Na waje kuwa babu mai waiwayarsa. Shi ya sa mutum zai kwana da Wi-Fi, ya yi sabuntawa, ya tashi babu. Akwai wata dabara da ake kira DKMS, wadda Dell ya ƙirƙiro a 2003, da ke sake gina irin wannan direban duk sanda sabon kanel ya sauka. Tana aiki matuƙar tsohon rubutun ya dace da sabon gini. Ranar da bai dace ba sai ginin ya rushe ba tare da mai kwamfutar ya lura ba. Mafita ta gaggawa ita ce a sake kunnawa, a shiga GRUB, wato jerin zaɓin tashin kwamfuta, a zaɓi tsohon kanel, wanda galibi yana nan ba a goge shi ba. A ganina masu kanel suna da gaskiya, domin wannan taurin kan ne ya sa kamfanoni da yawa suka kawo direbobinsu ciki. Sai dai wahalar jiran ba a kan kamfanin take sauka ba, a kan mai tsohuwar kwamfuta take, kuma mu ne masu tsofaffin kwamfutoci.

Akwai kuma kariyar tashin kwamfuta da za ka gani a BIOS, wato saitin da ke cikin na'urar tun kafin tsari ya tashi, da sunan Secure Boot. Idan tana kunne, kanel ba ya karɓar direban da ba shi da hatimi. Sai ka girka direba, komai ya tafi daidai, amma Wi-Fi shiru. Lokacin girkawa Ubuntu kan nemi ka zaɓi wata kalmar sirri, sa'an nan da ka sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito yana neman ka amince da makullin. Mutane da yawa sukan tsorata da shuɗin allon su danna wucewa, kuma a nan aka bar direban a bakin ƙofa. Umarnin mokutil --sb-state zai gaya maka ko kariyar tana kunne.

Duk waɗannan ana bambance su ne da tambaya ɗaya: wane kati ne? Rubuta lspci -nnk idan a cikin kwamfutar yake, ko lsusb idan na sokawa ne. Za ka ga lambobi biyu, kowace mai alƙaluma huɗu, da ɗigo biyu a tsakani. Ta farko ta kamfani ce: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros, 14c3 MediaTek. A na USB kuwa Realtek 0bda ne, Ralink 148f. Ta biyu ita ce ta ainihin katin. Waɗannan alƙaluma takwas su ne sunansa na yanka, sauran duk laƙabi ne. A ƙarƙashinsu akwai layin da ke nuna direban da ke riƙe da katin. In babu layin, ko dai kanel bai san katin ba, ko direbansa na waje ne ba a girka ba, ko an hana shi shiga. In akwai layin amma babu Wi-Fi, sai a rubuta sudo dmesg a nemi inda aka ambaci famwaya. Idan fayil ne ya ɓace, za ka ga sunansa ƙarara. Kuma kafin duk wannan a duba rfkill list, domin sau da yawa wani maɓalli ne a gefen kwamfutar ko a jerin F aka taɓa ba da sani ba, ya kashe rediyon. Wanda zai nemi taimako a intanet, da waɗannan lambobin ya kamata ya je. Wanda ya rubuta "Wi-Fi ɗina ba ya yi a HP" zai sami amsa ashirin, goma sha tara ba nasa ba ne, domin samfuri ɗaya na kwamfuta kan fito da katuna daban-daban gwargwadon wanda masana'anta ta samu a lokacin.

Haka abin yake, har ma ya fi, a 'yan ƙananan na'urorin Wi-Fi na USB. Ɗalibai masu koyon tsaron intanet da Kali sun san sunan TP-Link TL-WN722N, don darussa da yawa sun ambace ta. Fitowar farko tana ɗauke da Atheros AR9271, wanda kanel ya sani sarai. Fitowa ta biyu da ta uku kuwa Realtek RTL8188EUS ne a ciki. Suna ɗaya, kamanni ɗaya, ciki daban. Sai ka duba ƙaramin rubutun da ke kan kwali ko jikin na'urar ka ga V1 ne ko V2 ko V3. A gefe guda kuma, 'yan arhar nan marasa suna da yawansu MT7601U ne a ciki, mai lamba 148f:7601, wanda ya shiga kanel tun 4.2 a 2015. Tsada ba ta nuna wadda za ta yi aiki. Su kuma modem na USB masu cin layin waya, wasunsu da farko sukan nuna kansu a matsayin faifan CD, sai manhajar usb-modeswitch ta juya su. Yawancin nau'o'in Linux suna zuwa da ita.

Wani lokacin Wi-Fi yana nan, rauni ne da shi. Sai ka manna kwamfutar da wayar kafin ta ga hotsifot, ka matsa taku uku ta yanke. Katin Realtek RTL8723BE ya yi suna a wannan. Yana da mazaunin eriya biyu, amma a wasu kwamfutoci waya ɗaya aka ja masa, sai direban ya riƙa saurare ta mazaunin da babu komai. Layi ɗaya ake rubutawa a wani fayil cikin /etc/modprobe.d, wato options rtl8723be ant_sel=2, in bai yi ba a gwada 1, sai sigina ta cika. Amma a nan Zamfara ina roƙon masu gyara kada su ɗora wa direba kowane laifi. Kwamfutar gwanjo ta bi hannu da yawa kafin ta iso. Na sha buɗe murfin ƙasa in tarar da siririyar wayar eriya, baƙa ko fara, ta fita daga maɓallinta tana lilo, ƙurar hunturu ta lulluɓe wurin. Wani ya buɗe don canza fanka bai mayar ba. Babu umarnin da zai gyara wannan, sai ɗan yatsa da buroshi. Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kuma su kashe saurin-tashi na Windows, domin ba ya kashe na'urar gaba ɗaya, yakan bar katin a wani hali da Linux zai same shi ya kasa tayar da shi.

Sai babban kulli: direban yana intanet, intanet ɗin kuma sai da direba. An kulle ɗaki, makulli na ciki. Wayar Android da kebul ita ce tagar shiga, domin kanel yana ganinta kamar intanet na waya ba tare da an girka komai ba. Sai dai kebul ɗin ya zama mai ɗaukar bayanai. Da yawa daga na bakin titi caji kawai suke yi, kuma wannan kaɗai ya sa mutane da dama sun yanke ƙauna. Mint kuma tana iya ɗauko direban Broadcom daga filash ɗin da aka girka ta da shi, ba sai da intanet ba, don haka kada a yi saurin goge filash ɗin. Wanda ya zauna a jihar nan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, ya san cewa intanet abu ne da kan iya ɗaukewa gaba ɗaya, ba na awa ɗaya ko biyu ba. Tun daga lokacin nake ajiye filash guda a aljihun tebur, da ƙunshin famwaya na Intel, Realtek, Atheros da MediaTek, da direban wl tare da kayan gina shi. Ko a yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, kuma malamin da zai girka wa makaranta kwamfutoci goma a can ba zai tsaya sauke komai ba.

Idan aka gano katin na rufaffen direba ne, shawarata ga mai shi ita ce ya daina kokawa, a cire katin. A yawancin tsofaffin kwamfutoci sukuru ɗaya ne da wayoyi biyu ke riƙe da shi, kuma duk mai gyara yana da matattun kwamfutoci a ƙarƙashin tebur waɗanda katunansu na Intel ko Atheros ke da rai. Kuɗinsa sau da yawa bai kai na datar da za a ƙona ana neman mafita ba, kuma an huta da fargabar kowace sabuntawa. Abu uku ake dubawa. Mazaunin ya dace, domin tsofaffi mini PCIe ne, sababbi M.2. Wasu tsofaffin HP da Lenovo suna da jerin katunan da BIOS ya amince da su, in ka saka bare su ƙi tashi. Sa'an nan katunan Intel irin 9560 da AX201 rabin aikinsu a kan babban allon lantarki na cikin kwamfutar yake, ba sa yi sai a kan allon Intel da aka yi su dominsa, saɓanin AX200 da ke tsaye da ƙafarsa.

Wanda kuma bai riga ya saya ba, ya tafi wurin mai sayarwa da filash ɗinsa a aljihu. Ubuntu, Mint da Fedora duk suna tashi daga filash ba tare da sun taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka roƙi Alhaji ya ba ka minti goma, ka tayar da ita a kan teburinsa, ka kunna hotsifot ɗin wayarka, ka haɗa. Sa'an nan ka ba wani wayar ya fita da ita bakin ƙofar shago, ka ga ko siginar za ta riƙe. Ka rubuta lspci -nnk, ka ɗauki hoton lambobin da wayarka idan ta dawo, kafin a fara maganar farashi.